A Daina Ƙirga Mana Ƙwai, A Auna Mana Haske

'Yan'uwa malamai, duk wanda ya taɓa halartar bikin miƙa sabon ginin azuzuwa ya san yadda jawabin ke tafiya. Wakilin hukuma zai miƙe ya karanto cewa an gina aji kaza, an zuba benci kaza, an kafa fanka kaza, an kuma ɗaura ƙwan lantarki kaza mai wat kaza. A yi tafi, shugaban makaranta ya sa hannu a takardar karɓa, motoci su tashi. Ba a jin mai yin tambayar da ta fi duk waɗannan alƙaluma muhimmanci ga yaron da zai zauna a bencin ƙarshe, wato ko hasken da ke sauka a kan littafinsa ya ishe shi karatu. Tambayar tana da amsa ta lamba, kuma akwai ma'aunin da duniya ta yarda da shi. Rashin sanin wannan ma'auni ne ya sa ake sayar wa makarantunmu duhu da kuɗin haske.

Ba mai zuwa kasuwar Dawanau ya biya kuɗin gero bisa yawan buhuna ba tare da ya san mudu nawa ke cikin kowane buhu ba. Amma a sha'anin haske haka ake yi mana shekara da shekaru: a ƙirga ƙwai, a ambaci wat, a rufe magana. Matsayina a wannan rubutu shi ne ƙungiyarmu ta daina karɓar wannan ƙidaya, ta riƙa neman a rubuta hasken aji da ma'auninsa na gaskiya a kowace takardar kwangila. Kafin mu nema kuwa dole mu san kalmomin, domin wanda bai san sunan haƙƙinsa ba, ko an danne shi ba zai iya kai ƙara ba.

Mu fara da wat, kalmar da aka fi ruɗa mu da ita. Wat ma'aunin wutar da ƙwai ke ci ne, bai faɗi komai game da hasken da yake bayarwa ba. Tsohon ƙwai mai siririyar waya a ciki, irin wanda muka tashi muka gani, idan mai wat 60 ne yana ba da hasken da ƙwan LED mai wat 9 ko 10 yake bayarwa a yau. Dalili shi ne tsohon ƙwan yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya ci zuwa zafi, shi ya sa ba a iya taɓa shi idan ya jima a kunne. A da, lokacin da irin ƙwai ɗaya ne a kasuwa, ana iya kintatar haske daga wat. Yanzu wannan kintace ya mutu. Mai gaya maka wat kaɗai tamkar mai sayar da saniya ne da aka tambaye shi yawan nononta, shi kuma ya shiga ba da labarin yawan dusar da take ci.

Ma'aunin hasken da ƙwai ke fitarwa shi ne lumen, wanda ake taƙaitawa da haruffan lm a jikin kwali. Lumen yana ƙidaya dukkan hasken da ya fito daga fitila ta kowace fuska, gwargwadon yadda idon ɗan Adam ke ganinsa. Kyandir ɗaya yana ba da kimanin lumen 12. Fitilar ƙwai mai kananzir ba ta wuce 'yan gomomi. Ƙwan nan mai wat 60 yana ba da wajen lumen 800. Idan aka raba lumen da wat, sai a ga ƙwazon ƙwai: tsohon ƙwai bai wuce lumen 10 zuwa 15 a kan kowane wat ba, shi kuwa LED mai inganci yana kai lumen 100, har ya zarce. Wannan ci gaba ya samo asali ne daga aikin masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka ƙirƙiro LED mai shuɗin haske, aka ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Saboda haka duk kwalin ƙwai da aka cika shi da manyan lambobin wat, aka ɓoye lumen ko aka ƙi rubuta shi, abin tuhuma ne, kuma bai kamata kuɗin makaranta ya saye shi ba.

Amma lumen ma bai kai mu inda za mu ba, domin yaro ba a jikin ƙwai yake karatu ba, a kan takarda yake yi. Ma'aunin hasken da ya sauka a kan wuri shi ne lukus, ana rubuta shi lx. Lukus ɗaya shi ne lumen ɗaya da ya bazu a kan murabba'in mita ɗaya. Manomi zai fi kowa saurin gane wannan. Buhun taki ɗaya, idan aka zuba shi a 'yar gonar bayan gida, shuka ta ƙoshi. Idan aka watsa shi a hekta goma, kamar ba a sa ba. Buhun shi ne lumen, abin da kowace shuka ta samu shi ne lukus. Farin wata ranar sha huɗu bai kai lukus ɗaya ba. Rana tsaka, a fili, tana kai lukus 100,000. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu idon mutum yake aiki, kuma saboda ido yana sabawa da duk halin da ya samu kansa, mutum yakan shiga aji mai duhu, bayan mintuna kaɗan ya rantse cewa akwai haske. Shi ya sa ba a karɓar shaidar ido a wannan shari'a, sai ta na'urar awo.

To lukus nawa aji yake buƙata? Ba mu ne za mu ƙirƙiro amsar ba. Akwai hukumar duniya mai kula da sha'anin haske, CIE, wadda aka kafa a 1913, hedikwatarta tana birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ƙa'idar da ta fitar tare da hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, a 2002, ta sa lukus 300 a kan teburin ɗalibi a ajin yau da kullum, lukus 500 a ajin dare da na yaƙi da jahilci, da kuma lukus 500 a fuskar allo. Waɗannan lambobi biyu, 300 da 500, ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya haddace su kamar yadda ya haddace matakin albashinsa.

Yanzu mu yi lissafin da ɗan aji shida zai iya bi. Ɗauki aji mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7, wato murabba'in mita 56. Domin a samu lukus 300 a ko'ina, sai lumen 16,800 ya sauka a kan tebura. Ba duk hasken da ƙwai ya fitar ke isa tebur ba: bango da rufi suna shanye wani, ƙura tana tare wani, ƙwan kansa yana dushewa da tsufa. Idan muka ɗauka rabi ne ke isa, ana buƙatar lumen 33,600 daga fitilun ajin. Wannan daidai yake da ƙwai 42 masu lumen 800, ko dogayen ƙwai na LED kusan 19 masu lumen 1,800 kowanne. Sai ku tuna ƙwai nawa ne ke rataye a ajin da kuke koyarwa. Idan biyu ne masu lumen 800, da dare teburin ɗalibi yana samun wajen lukus 14, wato kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ƙa'ida ta tanada. Da ɗan kwangila zai kawo benci ɗaya a maimakon ashirin, da gari ya ɗauka. Amma ya kawo haske ɗaya a maimakon ashirin, an yi masa godiya, an kuma biya shi cif.

Akwai kalma ta huɗu, kandela, wadda take ɗaya daga cikin manyan ma'aunai bakwai na kimiyya, tare da su mita da kilogiram da daƙiƙa. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta kyandir, kuma kyandir na yau da kullum ƙarfinsa kusan kandela ɗaya ne. Kandela tana auna ƙarfin haske ta fuska guda. Tocila tana iya kashe maka ido daga nesa alhali ba za ta haska ɗaki ba, domin ta tattara ɗan lumen ɗinta ta tura shi waje ɗaya, kamar mai toshe bakin tiyo da yatsa ruwa ya yi tsiri. A nan ne masu tallar fitila suke cin kasuwa: su haska maka ita a ido, ka ji ta yi ƙarfi, ka biya. Ƙarfin da ya soki ido dabam, hasken da ya wadaci aji dabam.

Daga kandela ake fahimtar dokar nisa, wadda take a cikin manhajar da muke koyarwa. Idan nisa tsakanin fitila da takarda ya ninka biyu, hasken da ke kan takardar yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka uku, ya koma ɗaya cikin tara. Kyandir yana ba da lukus ɗaya a nisan mita ɗaya, lukus huɗu a nisan rabin mita. Domin a kai lukus 300 a rabin mita, sai an jera kyandir 75. A tuna da wannan lamba idan ana maganar abin da ya faru a ƙarshen watan Mayun 2025, lokacin da takardar jarrabawar Turanci ta WAEC ta makara, ɗalibai a cibiyoyi da dama suka rubuta ta cikin dare da tocila da kyandir da hasken waya. Hukumar ta nemi afuwa a kan jinkirin, amma jinkiri rabin labarin ne. Sauran rabin shi ne makarantun da aka amince su zama cibiyoyin jarrabawa ba su da hasken da zai kai su bayan magariba. Yaron da ya rubuta insha'i a lukus huɗu da wanda ya rubuta a lukus 300, ma'auni ɗaya aka duba takardunsu da shi, kuma sakamakon zai bi kowannensu har ƙofar jami'a.

Wani zai ce yawancin darussanmu da rana ake yi, kuma Allah Ya hore mana rana. Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa abin ya fi ciwo. A ƙasar da ƙofar aji ke samun dubban lukus kyauta, sai ka tarar da ajin da aka yi wa 'yan ƙananan tagogi a gefe ɗaya, masu murfin ƙarfe, waɗanda dole a rufe su lokacin hunturu saboda iska da ƙura, ko da damina saboda feshin ruwa. Da an rufe, aji ya koma rumbu. Bangon da aka shafa wa farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya same shi, shi kuwa bangon siminti tsirara ko wanda ya yi baƙi da dauɗa yana shanye mafi yawansa. Ajin da ba shi da silin mai haske ya yi asarar babban madubinsa. Duk waɗannan hukunce-hukunce ne da ake yankewa a kan takardar zanen gini, a ofis, ba tare da an tambayi malami ko ɗaya ba.

Yawan haske kuma bai wadatar ba sai da daidaito. Yaron da ke jikin taga rana tana dukan farar takardarsa har idonsa na ruwa, na ƙuryar aji yana laluben layi, dukansu biyu an zalunce su. Allon da aka kafa daura da taga yana ƙyalli, 'yan gefe ɗaya ba sa ganin alli ko kaɗan, sai walƙiya. Sau nawa ake kiran yaro daƙiƙi ko malalaci saboda ya kwafi aiki ba daidai ba, alhali daga inda yake zaune ko malamin ne ba zai karanta allon ba?

Sauran kalmomi biyu suna jikin kwalin ƙwai, kuma suna da amfani ga mai saye. Ta farko kelbin, mai harafin K, wadda take nuna launin haske. Ƙwai mai 2,700 haskensa ja-ja ne kamar na tsohon ƙwai, ya fi dacewa da ɗakin kwana. Mai 4,000 fari ne matsakaici, shi aka fi so a aji da ofis. Mai 6,500 fari ne fat mai ɗan shuɗi. Mutane da yawa suna zaton ƙwan da ya fi fari ya fi haske, 'yan kasuwa kuma sun san da wannan zato. Kelbin launi ne kawai, yawan haske yana wurin lumen. Ta biyu ita ce ma'aunin gaskiyar launi, wanda ake rubutawa CRI ko Ra, ƙarshensa 100. Yana nuna yadda launukan abubuwa suke fitowa a ƙarƙashin fitila idan aka gwada da hasken asali. Ƙa'ida ta nemi aƙalla 80 a aji. Malamin labarin ƙasa mai nuna taswira, da malamin kimiyya mai jiran ruwan gwaji ya sauya launi, sun san abin da ake nufi idan kore da shuɗi suka zama abu ɗaya.

Na san amsoshin da za a ba mu, domin ba yau aka fara ba da su ba. Ta farko ita ce ta manya: mu da aci-balbal muka yi karatu, ga shi mun zama abin da muka zama. Muna girmama wahalar da suka sha. Amma masu wannan magana su ne waɗanda suka tsallake; waɗanda idonsu ya gaza, suka ajiye littafi suka kama wata hanya, ba a gayyatarsu su yi jawabi. Kuma babu ɗaya daga cikin masu faɗar haka da ya ajiye aci-balbal a ofishinsa ko a ɗakin karatun 'ya'yansa. Ba na cewa duhun aji yana makantar da yaro. Abin da aka sani shi ne ƙarancin haske yana gajiyar da ido, yana kawo ciwon kai, yana rage saurin karatu, yana ƙara kurakurai, kuma ya fi yin illa ga yaron da dama ganinsa mai rauni ne, wanda iyayensa ba su da halin kai shi a gwada masa tabarau.

Amsa ta biyu daga cikinmu take fitowa: albashi bai isa ba, ƙarin girma ya maƙale, rufin aji yana yoyo, wa yake ta lukus? Wannan magana tana da nauyi, amma ta manta cewa haske yanayin aiki ne, kuma kare yanayin aiki yana cikin dalilan da suka sa aka kafa ƙungiyar malamai ta ƙasa tun 1931. Kayan aikin malami idonsa ne. Da shi yake duba ɗaruruwan littattafai masu rubutun fensir, da shi yake cika rajista da takardun sakamako. Ido kuwa yana tsufa: hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. A 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. Mun yi murna da ita. Amma wanda ya ƙara wa malami shekara biyar a aji, ya bar ɗakin malamai da ƙwai ɗaya, ya ƙara masa shekarun da idonsa ya fi buƙatar haske ne, ya kuma hana shi hasken.

Amsa ta uku ita ce babu wuta, babu kuɗi. Mu koma ga lissafinmu. Da tsofaffin ƙwai, hasken ajin nan zai ci wat 2,520, abin da ba ƙaramin janareta ba ne zai ɗauka. Da LED mai wat 9, wat 378 ne. Karatun dare na awa uku zai ci yunit ɗaya da 'yan kai a mita, abin da madaidaiciyar sola da batir za su iya ɗauka. Ba kowane aji ne ma yake buƙatar wannan ba: zauren jarrabawa, da ajin karatun dare a makarantun kwana, da ɗakin malamai, da ɗakin gwaje-gwaje su ne kan gaba. Sauran azuzuwan kuwa, faɗaɗa taga da sa gilashi da shafa farin fenti da gyara mazaunin allo ba sa jiran wutar kowa. Kuɗin da ake kashewa a yi gini mai duhu, shi ne dai za a kashe a yi mai haske, idan an rubuta sharaɗin tun farko.

Saboda haka ga abin da nake kira ga reshenmu ya ɗauka. Na farko, mu nemi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ma'aikatar ilimi su riƙa rubuta lukus a cikin sharuɗɗan kowace kwangilar gini ko gyaran aji: 300 a kan tebur, 500 a allo da ajin dare. Na biyu, kada shugaban makaranta ya sa hannu a takardar karɓar gini sai an auna a gabansa, a kan benci na gaba da na tsakiya da na ƙurya, tagogi a buɗe sannan a rufe, kuma ƙungiya ta tsaya bayan duk shugaban da aka matsa wa lamba saboda ya ƙi sa hannu. Na uku, reshe ya sayi na'urar auna lukus, ƙaramar aba ce da ake riƙewa a hannu, ta riƙa zagaya makarantu. Kafin ta samu, akwai manhajojin waya masu auna haske. Awonsu kintace ne, amma ya isa ya bambanta 14 da 300. Na huɗu, kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su daina sayen ƙwan da ba a rubuta lumen a kwalinsa ba.

Malaman kimiyya da lissafi, wannan aiki naku ne kafin na kowa. Maimakon ɗalibai su haddace ma'anar lukus don jarrabawa su manta, a ba su awon tsawo da faɗin ajinsu, su karanta lumen a jikin kwali, su fitar da amsa da hannunsu, su rubuta ta a kan allo. Iyaye kuma, a gida, ku matso da fitila kusa da littafin yaro, domin rage nisa da rabi yana ninka haske sau huɗu ba tare da an kashe ko kwabo ba. Idan kun zo taron makaranta, ku shiga ajin ɗanku, ku zauna a inda yake zama, ku gwada karanta allo.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ake shigo mana ta ita a wannan fanni ita ce rashin lamba. Koke ba tare da awo ba, ana amsa shi da "za a duba". Takardar da ta jero sunan makaranta da lambar aji da lukus ɗin da aka samu a kowane benci, da sa hannun wakilin ƙungiya, ba ta da saurin shiga kwandon shara. Ina roƙon kowane wakilin makaranta ya zo taron reshe na gaba da awon aƙalla aji uku da na ɗakin malamai, domin mu haɗa su wuri ɗaya mu kai wa hukuma kafin a raba kwangilolin shekara mai zuwa.